Malama Wasila da Rugar da Aka Ce Babu Ita

An haifi Wasila a Tungar Kaɗanya, wani ɗan ƙauye da ke bayan Rawayya a ƙasar Bungudu. Mahaifinta Malam Jatau manomi ne, mutum marar yawan magana, wanda gonarsa ta gero take gangarawa har bakin rafi. Tun ba a yi suna ba mahaifiyarta ta kwanta zazzaɓi mai tsanani, ruwan nononta ya ƙafe, jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe. A ƙetaren rafin akwai rugar Ardo Mahadi, kuma daga can wata Bafulatana mai suna Binta take kawo tallan nono cikin gari. Ita ma goyo take yi a lokacin. Ran nan ta shigo gidan ta ji kukan, ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida ba tare da ta tambayi kowa ba, ta karɓi yarinyar ta sa ta a ƙirji. Haka ta riƙa yi safe da yamma har mai jego ta miƙe. Shi ya sa Wasila ta tashi tana kiran mata biyu Inna, ta gida da ta ƙetare.

Zaman gari da ruga bai rasa saɓani ba. Kusan kowace damina sai shanu sun shiga gonar wani, a yi cacar baki, wani lokaci har a ɗaga sanda, sannan mai gari da Ardo su zauna su sasanta. Amma da an gama girbi, shanun nan dai su ake roƙo su kwana a gonaki don taki. Wasila ta sha ƙetare rafin da ƙafa ta yini a bukkar Inna Binta, ta koyi kaɗa nono da ɗan Fulatancin da bai wuce gaisuwa da zagi ba.

Malam Jatau bai yi boko ba, amma ya sa ta a firamaren Rawayya, daga nan ta wuce sakandaren kwana a Gusau. A can ne wani tsohon malamin tarihi ya shiga ajinsu wata rana ya tambaye su daga ina kakanninsu suka zo. Aka rasa mai amsawa. Ya ce to su yi shiru da maganar sarakunan Turai har sai sun san wannan. Da ta koma gida hutu ta tsare mahaifinta da tambaya yana gyaran ƙotar fartanya.

Ya nuna rugar da ke ƙetaren rafi da haɓa. "Yunwa ta koro kakana daga gabas. Da ya iso nan ya iske su bisa tudun can da shanunsu. Su sunka nuna mai inda ruwa yake."

Tun daga lokacin ta san abin da za ta karanta. Sai dai da ta gama kwalejin horon malamai da takardar tarihi a hannu, an riga an cire darasin daga ƙananan azuzuwa, manyan kuma ba kowa ke zaɓarsa ba. Aka tura ta wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Gusau, aka ba ta darasin zamantakewa. Shekara da shekaru tana koyar da ire-iren iyali da amfanin tsabtar muhalli. A cikin shekarun nan ta auri Malam Idris, mai sayar da hatsi a kasuwar Gusau, suka haihu, ta yi ƙiba, ta fara sa tabarau. Da aka dawo da tarihi cikin manhaja, aka duba makarantar kaf aka ga ita kaɗai ce ta karanta shi.

Littattafai ba su isa ba, sai ta mayar da kakannin yaran littafi. Takan aike su gida da tambaya, su dawo da amsa, a baje a aji. Kafin hanyar Tsafe ta lalace ta taɓa kai su 'Yandoto, suka zauna gaban tsofaffi biyu da suka ba su labarin tsohon garin ta hanyoyi biyu da ba su haɗu ba. A mota yaran suka tambaye ta wane ne mai gaskiya. Ta ce aikin ke nan, su nemo wanda ya gani, su tambayi wanda ya ji daga wanda ya gani, kada su tsaya kan wanda ya fi ɗaga murya.

Masifar da ta ci Zamfara ta fara isa ruga kafin ta iso gari. Ɓarayi suka kore shanun Ardo Mahadi, suka bar shi da 'yan maruƙa. Samarin rugar suka watse, wasu suka yi kudu da abin da ya rage, wasu kuma aka ce sun shiga daji sun bi waɗanda suka kore shanun. Aka bar tsofaffi da mata da yara. Daga baya 'yan bindiga suka fara aiko wa Tungar Kaɗanya saƙo cewa ba mai shiga gona sai da yardarsu. Wasila ta roƙi mahaifinta ya dawo Gusau, har ɗaki Malam Idris ya share masa. Tsohon ya ce in ya bar gero a tsaye, mi zai je ya ci a birni, kunya?

Abin ya faru ne a kakar da aka katse layukan waya a jihar. Babu mai kiran wani, babu mai aika saƙo. Labari sai a bakin direbobi. Tana cikin aji da hantsi aka ce mijinta yana bakin ƙofa, kuma Malam Idris bai taɓa zuwa makarantar ba. Ta fito da alli a hannu. Ya ce wani direba mai suna Haliru ya shigo kasuwa daga Rawayya, ya ce jiya an afka wa mutanen Tungar Kaɗanya a gonaki suna yankan gero. Baba yana ciki.

Sun iske an riga an rufe su. Maƙabartar garin ta yi sabbin tuddai a jere, har sun fita daga shinge. Aka ce an tsinci Malam Jatau a ƙasan gonarsa, ya nufi rafi, harsashi ya same shi a baya. Ƙaninta Yazid, wanda yake kamasho a tashar mota a Gusau, shi ya ɗauko shi a kafaɗa. Rigarsa ce har lokacin a jikinsa, jinin ya bushe ya yi baƙi, ya ƙi cirewa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, babura suka fara shigowa daga ƙauyukan kewaye. 'Yan sa-kai ne, da bindigogin gida da adduna, layu a damtse. Maganar da take yawo ita ce maharan ta ruga suka biyo, kuma a ruga aka nuna musu hanya. Limamin garin, tsoho mai rawar murya, ya fito ya tsaya a gabansu ya ce babu kowa a can sai mata da tsofaffi. Suka kewaye shi suka wuce kamar an kafa turke. Wasila tana leƙe ta katangar zana ta ga Yazid ya hau bayan wani babur.

Daga tsakar gidansu ana jin harbin. Matan da suka zo gaisuwa kowace ta sunkuyar da kai kan carbinta. Can hayaƙi ya tashi a ƙetare, baƙi da farko, sannan fari. Mahaifiyarta ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule.

Da la'asar liman ya bi gida-gida yana neman masu taya shi sutura. Maza kaɗan suka fito, duk masu furfura. Ya ce yana buƙatar mata, don yawancin gawarwakin na mata ne. Wasila ta ɗauki bokiti ta bi bayan wasu tsofaffin mata biyu, suka ƙetare rafin.

Bukkoki na kara da ciyawa ne, wuta ba ta bar musu komai ba sai da'irori na toka. Ƙwarya a farfashe, akuya a ƙone a turkenta. Ardo Mahadi yana kwance kusa da inda yake salla, buta a gefensa. Ta iske Inna Binta a bayan wani gawo, ta rungume jikarta, da alama gudu suka yi suka gaji. Kitsonta ya yi fari fat, 'yan kunnenta na jan ƙarfe suna nan. Wasila ta ɓamɓare hannuwan tsohuwar daga jikin yarinyar, ta yi musu wanka da ruwan rafi, ta lulluɓe su da zannuwan da aka tsinto. Aka tona ramuka biyu a gindin gawon, na maza da na mata, liman ya sallace su rana tana faɗuwa.

Ta dawo ta iske Yazid a zaure, ya cire rigar nan, ya yi wanka. An ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Ta wuce shi, shi ma bai ɗago ba.

Da aka dawo da sabis, labarin ya hau shafukan sada zumunta ta hanyar da ba ta zata ba. Wani mutum da bai taɓa taka Bungudu ba ya saki hotunan gawarwaki tsibi-tsibi, ya rubuta cewa ga abin da aka yi a rugar Ardo Mahadi, an kashe ɗaruruwa. Kallo ɗaya Wasila ta yi ta san ba can ba ne. Ƙasar cikin hoton ja ce, ta wajensu rairayi ce, kuma tufafin mutanen ba irin na nan ba ne. Ba a jima ba wasu suka tono asalin hotunan, na wata ƙasa ne, tun shekarun baya. Suka jera su gefe da gefe suka rubuta ƘARYA da manyan baƙaƙe. Da farko abin da ake cewa shi ne hotunan ƙarya ne. Kafin mako ya zagayo an koma cewa ba a kashe kowa ba. Daga baya sai ta fara ganin ana rubuta cewa babu ma wata ruga mai wannan suna, ƙirƙiro ta aka yi don a ɓata sunan masu kare kansu.

Ɗaya ɓangaren ma bai ƙyale ta ba. Suka ce waɗanda suka mutu a Tungar Kaɗanya ba manoma ba ne, 'yan sa-kai ne da suka je faɗa aka fi ƙarfinsu. Ta karanta wannan a ɗakin malamai, ta tuna mahaifinta da ko gwafa ba ya yawo da ita, ta kife wayar a kan tebur.

Da rani wata abokiyar aikinta ta miƙo mata waya ta ce, wannan ba ƙaninki ba ne? Yazid ne a wani bidiyo, tsaye a fili, iska tana kaɗa rigarsa. Yana juya wayar a hankali, gabas da yamma, yana cewa shi ɗan garin nan ne, nan aka haife shi, ga wurin da ake magana a kai, jama'a su duba da idonsu. Ina ruga? Ina kango? Ina ko tubali guda? Ruwan ƙarshen damina ya wanke tokar, ciyawa ta fito ta bushe, iska ta share. A bayan kafaɗarsa ga gawon nan, ya yi ganye shar.

Ta same shi a tasha yana kiran fasinjan Tsafe. Ya ja ta gefe, bayan rumfar mai shayi, ya ce ta zauna. Ta ƙi.

"Bisa kabarinsu ka tsaya, Yazid."

"Yaya, ki rage murya."

"Ni na wanke su. Ka san ni na wanke su."

Ya duba hagu da dama. "To mi kike so in ce? In munka yarda anka yi, gobe a zo a kwashe yaran garinmu kaf. Na daji kuma su samu hujja su dawo su ƙarasa wanda ya rage. Wa ya yi magana da anka kashe Baba? Wa ya sa hotonai?"

"Baba da bakinsa ya ce mini kakanmu a can ya iske su. Kai kuma ka ce ba su taɓa zama ba."

"Baba ya mutu, Yaya. Mu muke raye."

"Nonon matar nan na sha."

"Ke kinka sha," ya ce, a hankali. Direba ya danna ham, ya juya ya koma bakin motarsa.

Ta riƙe abin a ciki har zangon karatu na gaba. A aji biyar ta kai kan darasin Afirka bayan mulkin kai, ta zaɓi ta tsaya kan kisan ƙare dangi da aka yi a Ruwanda. Ta yi musu bayanin yadda maƙwabci ya ɗauki adda ya shiga gidan maƙwabcinsa, yadda gidan rediyo ya yi ta kiran wasu mutane kyankyasai har kashe su ya daina zama kisa a kunnen masu saurare. Ta ce kuma bayan an gama, sai ga wasu suna cewa ba a yi ba, ko ba a kai haka ba, ko su suka jawo wa kansu. Ta ce wannan musun shi ne kisa na biyu, domin na farko ya ɗauke mutum, na biyu ya ɗauke cewa ya taɓa zama.

Wata yarinya mai kaifin kai, Zahra'u, ta ɗaga hannu. "Malama, amma ai wani lokaci ƙaryar ce da gaske. Kamar rugar nan ta wajen Bungudu da aka ce an ƙone. Yayana ya nuna mana, hotunan na wata ƙasa ne. Har wani ɗan garin ya je wurin ya ɗauka, babu komai."

Yara da yawa suka gyaɗa kai. A layin baya akwai Maijidda, 'yar Fulanin gari, wadda tun da aka fara rigimar nan ta daina amsa gaisuwar Fulatanci ko da wasa. Ta zuba wa teburinta ido.

Wasila ta juya ta goge allo, ko da yake babu abin gogewa. Tana iya cewa wannan ba ya cikin manhaja, a wuce. Ta ajiye dasta.

"Hotunan ƙarya ne, Zahra'u, yayanki ya yi gaskiya a nan. Amma rugar gaskiya ce, a cikinta na yi wasa ina yarinya. 'Yan bindiga sun kashe mahaifina da mutanen garinmu a gonakinsu, manoma ne, babu mai makami a cikinsu. Bayan haka 'yan garinmu da na kewaye suka ƙetare rafi suka kashe mutanen rugar, tsofaffi da mata da yara waɗanda ba su yi komai ba. Ina nan. Da hannuna na wanke matan. Duka biyun sun faru, duk wanda ya gaya muku ɗaya ya ɓoye ɗaya, bai gaya muku tarihi ba."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ba ta lura da wayar da wata ta ɗora a cinya ƙarƙashin hijabi ba, kuma har yau ba ta san wace ce ba.

Abin da ya fita waje guntu ne. An yanke maganar mahaifinta, an yanke ƙarshen. Muryarta ce kawai tana cewa 'yan garinmu suka kashe tsofaffi da mata da yara waɗanda ba su yi komai ba. A sama an rubuta cewa ga malamar da take koya wa 'ya'yanku son 'yan bindiga a Gusau. Ɗaya ɓangaren suka ɗauki guntun nan dai, suka liƙa masa tsofaffin hotunan ƙaryar, suka ce malama ta tabbatar an kashe ɗaruruwa. Ba ta ambaci adadi ba.

Shugabar makarantar, Hajiya Nana Khadija, ta kira ta ofis ta rufe ƙofa. Mace ce mai kirki da ta kusa ritaya. Ta ce iyaye sun zo, wasu sun ce za su cire 'ya'yansu, kuma an kira ta daga sama.

"Ni na yarda da ke, Malama Wasila. Wallahi na yarda. Amma yara gare ni a nan, ga katangar kina gani, ko akuya tana tsallakewa. Ki yi ɗan bidiyo ki ce kuskuren baki ne, ji kika yi ba gani ba. A wuce wurin."

"Hajiya, gani na yi."

"Na sani. Cewa na yi ki faɗa."

"In na faɗa, gobe da wace fuska zan shiga aji in ce musu su nemi wanda ya gani?"

Hajiya ta cire tabarau ta murza idanu. Ta ce to, daga Litinin ta karɓi makullin sito, aji kuma za a ba wani ɗan bautar ƙasa kafin ƙura ta lafa.

Ƙurar ba ta lafa ba. Wata safiya Malam Idris ya fita masallaci ya ga an rubuta INFOMA da gawayi a bangon gidansu. A Zamfara ta wannan zamani, kalmar nan, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ta isa ta kashe mutum. Ya wanke ta da kansa kafin gari ya gama wayewa, washegari aka sake rubutawa da fenti. A kasuwa mutanen da suka shekara suna awo a rumfarsa suka fara wucewa da kai a sunkuye. Bai taɓa ce mata don me ta yi magana ba. Abin da ya ce kawai, yana cin abinci, shi ne da ta bari yara sun ƙara girma. Suka bar gidan suka kama haya a wata unguwa can gefen gari inda ba a san su ba.

Ko a can labarin ya riga su isa, sai dai ya sake kama. Ran nan a cikin keke mai ƙafa uku wasu mata biyu suna hira, ɗaya tana ba ɗaya labarin wata malamar makaranta matar ɗan bindiga, wadda asirinta ya tonu ta gudu daji wurin mijinta. Wasila ta ce, ba ta gudu ba, tana nan cikin garin nan, mijinta hatsi yake sayarwa. Matar ta kalle ta da tausayi irin wanda ake ji wa wanda bai san duniya ba, ta zaro waya ta ce, baiwar Allah, ga shi nan a rubuce.

Da damina ta zagayo 'yan bindiga suka dawo Tungar Kaɗanya, kamar yadda Yazid ya ji tsoro, ba su kuma nemi wata hujja ba. Ya je ne ya kwaso mahaifiyarsu da sauran kayan gida. Ya sa ta a motar farko, shi ya tsaya ɗaure buhuna a ta biyu. Ta biyun aka tare a hanya, aka kashe shi. Garin ya watse daga ranar, liman ya rasu a sansanin 'yan gudun hijira bayan 'yan watanni, tsofaffin matan nan biyu kuwa ba wanda ya san inda dangi suka kai su.

Bayan mutuwar Yazid bidiyonsa ya sake tashi, wannan karon da addu'o'i a ƙasa. Ana cewa ga jarumin da ya tona ƙarya, ga shi sun kashe shi. Wasila ta rubuta ta roƙi masu yaɗawa su sauke, ta ce ita yayarsa ce. Aka zage ta, wasu suka ce shafin bogi ne.

Yanzu mahaifiyarta tana zaune a wurinta, a ɗakin da ke kusa da madafa. Idanunta sun yi hazo, ba ta fita ko ƙofar gida. Yazid bai bar hoto mai motsi ba sai wannan, bai bar muryarsa a ko'ina ba sai a nan. Da safe, in Wasila ta shirya za ta tafi buɗe sito, tsohuwar takan kira ta.

"Ɗiyata, sa mini yaron ga in ji."

Sai ta zauna a bakin gado da jakarta a kafaɗa, ta nemo shi, ta riƙe wayar kusa da kunnen uwar. Muryar Yazid ta cika ɗakin, yana cewa shi ɗan garin nan ne, nan aka haife shi, jama'a su duba da idonsu. Tsohuwar ba ta bin maganar. Takan rufe ido tana gyaɗa kai, wani lokaci ta ce mura yake yi ranar, ana ji a hancinsa. In ya ƙare takan ce a maimaita, kuma Wasila takan maimaita.